Gidan Waya Da Ɗakin Makullai A Kwamfuta Ɗaya

A ma'aikata ko makarantar da aka haɗa kwamfutoci da yawa domin su yi aiki tare, akan keɓe babbar kwamfuta guda ta riƙa tantance mutane. Sa'ad da malami ko akawu ya buga sunansa da kalmar sirrinsa, ita ce take yarda ya shiga, ko kuwa ta hana shi. A tsarin kamfanin Microsoft ana kiran rajistar sunayen Active Directory, ta kuwa fito ne tare da Windows 2000. Bari mu kira kwamfutar da take riƙe da wannan rajista maigadi, gama aikinta ke nan.

Ɗalibai, ku lura da abin da yake hannun maigadin nan. A cikinsa akwai wani fayil mai suna NTDS.dit, inda aka ajiye sunan kowa da kalmar sirrinsa. Gaskiya ne an cakuɗa kalmomin yadda ido ba zai karanta su ba, amma sau da yawa cakuɗaɗɗiyar ma ta ishi ɓarawo shiga. Har wa yau maigadi ne yake ba kowa tikitin shiga sauran kwamfutoci, bisa wani tsari da ake kira Kerberos, wanda aka ƙirƙiro a jami'ar MIT ta Amurka. Akwai makulli guda da yake buga wa dukan tikitocin hatimi da shi. Wanda ya sace makullin nan zai iya buga wa kansa tikiti da sunan shugaban ma'aikata, babu kwamfutar da za ta musa masa.

Kwamfutar imel kuwa gidan waya ce. Dole ƙofarta ta kasance a buɗe dare da rana, domin ta karɓi wasiƙu daga mutanen da ba ta taɓa sani ba, ta kuma bar ma'aikata su karanta saƙonninsu daga gida ta intanet. Manhajarta babba ce ƙwarai, babbar manhaja kuwa ba ta rasa ɓaraka. To, idan aka ɗora aikin nan a kan maigadi, an kai ɗakin makullai bakin kasuwa ke nan. Duk wanda ya sami ɓaraka a gidan waya, ya riga ya tsaya a gaban akwatin makullai.

Wannan ba tatsuniya ba ce. Ran 2 ga Maris 2021 Microsoft ya fitar da gyaran gaggawa na wasu kurakurai huɗu a manhajarsa ta imel mai suna Exchange. Kamfanin ya ce wata ƙungiya da ya sa wa suna Hafnium, mai aiki daga ƙasar Sin, ta riga ta yi amfani da su. Mai kutse bai bukaci kalmar sirrin kowa ba. Saƙo kawai zai aika wa ƙofar da take buɗe, sai ya sami cikakken iko a kan kwamfutar. Dubban ma'aikatu ne abin ya shafa, har da Hukumar Bankunan Turai da majalisar dokokin Norwe. Inda imel yake a kwamfutarsa dabam, ɓarawo yana da sauran tafiya kafin ya kai ga rajista, ana kuma iya ganin sawunsa a hanya. Inda aka haɗa su, babu sauran tafiya.

Akwai wani abu kuma da Microsoft da kansa ya yi gargaɗi a kai. Idan aka sa Exchange a kan maigadi, tsarin yakan ba dukan kwamfutocin Exchange na ma'aikatar ikon babban mai kula. Watau kuskuren da aka yi a ɗaki ɗaya ya shafi gida duka. Ga kuma wahalar yau da kullum: gyaran manhajar imel yakan bukaci a kashe kwamfuta a sāke kunnawa, idan kuwa maigadin guda ɗaya ne, kowa zai tsaya cik. Saboda haka mai kula yakan ce sai Asabar, Asabar ta zama wata guda, ɓarakar tana nan a buɗe.

Me ya sa mutane suke haɗawa? Kuɗi ne. Kwamfuta biyu sun fi ɗaya tsada, Microsoft ma ya daɗe yana sayar wa ƙananan ma'aikatu Small Business Server, wanda ya haɗa ayyukan biyu wuri ɗaya, har zuwa fitowarsa ta ƙarshe ta 2011. A ganina wannan hujja ta yi rauni yanzu, tun da ana iya raba inji ɗaya ya zama kamar kwamfutoci biyu, kowacce da katangarta.

Kada dai a ɗauka rabawar ta gama magana, gama Exchange yana da iko mai yawa a cikin rajista ko da yana zaune dabam. Amma bambancin yana fitowa ranar gyaran ɓarna. Gidan waya kaɗai in ya faɗi, akan share shi a sāke ginawa. Maigadi in ya faɗi, sai kowa ya canja kalmar sirrinsa, a canja makullin hatimin tikiti har sau biyu domin tsarin yana tunawa da na baya, wani lokaci ma sai an rushe rajistar duka an fara daga tushe.