Da Me Ake Kankare Tsohon Gasket?

Duk wanda ke zama a gareji ya san wannan rigimar. Mota ta yi zafi a hanya, gasket ya ƙone, an sauke kan injin an sa sabo, mai mota ya biya ya tafi. Bayan 'yan makonni sai ga shi ya dawo ransa a ɓace. Ruwan lagireto yana ƙarewa ba a ga inda yake zuba ba, ko baƙin mai ya gauraya da ruwa ya yi fari-fari, ko kuma salansa tana ta fitar da farin hayaƙi. Nan take za a ce gasket ɗin jabu ne. Jabun kaya suna nan a kasuwa, babu mai musun wannan. Amma sau da yawa sabon gasket ɗin ba shi da laifin komai. An riga an lalata wurin zamansa tun bai fito daga leda ba, lokacin da aka miƙa wa yaron gareji tsohon sukundireba ko guntun zarto aka ce ya je ya kankare fuskar injin.

Aikin da gasket ɗin kan injin ke yi ba ƙarami ba ne. Abubuwa uku yake raba wa hanya a ɗan siririn wuri: wutar da ke tashi a cikin silinda, wadda zafinta kan haura digiri 2,000 a ma'aunin Salshiyos, da ruwan sanyaya injin, da baƙin mai mai hawa sama ya koma ƙasa. A wasu wuraren milimita kaɗan ne tsakanin ramin wuta da ramin ruwa. Ga shi kuma ƙarafan da ke matse shi ba a zaune suke wuri ɗaya ba, domin alminiyom yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfen zubi. Kullum aka tada injin ya yi zafi ya huce, fuskokin biyu sai sun ɗan goga juna. Idan akwai karce guda da ya ratsa daga bakin silinda zuwa ramin ruwa, iskar wuta za ta same shi, ta riƙa bi tana faɗaɗa shi har ya zama hanya.

Abin da ya kamata a gane shi ne injuna sun sauya, amma kayan kankarar da ke akwatin yawancin kanikawanmu suna nan yadda aka gaje su. Manyan da suka koyi aiki a kan Marsandi 911 da injin niƙa na Lister sun saba da baƙin ƙarfe, wanda ke jure ɗan ganganci. Gasket ɗin wancan zamani kuma mai kauri ne da laushi, idan aka ɗaure shi sai ya nutse cikin ƙananan ramuka ya toshe su. Har Fijo 504, da aka riƙa haɗawa a Kaduna bayan buɗe masana'antar a 1975, gangar injinta baƙin ƙarfe ce, kan ne kawai alminiyom. Yanzu kuwa Toyota Corolla da aka ƙera daga wajen 1998 zuwa gaba, da Honda Accord, da ire-irensu da suka cika titunanmu, kai da ganga duk alminiyom ne. Haka ma kan injin babur da na Adaidaita Sahu da murafensu.

Gasket ɗin ma ya canza. Na motocin yanzu faifan ƙarfe ne sirara, biyu zuwa biyar, an jera su an shafa musu wata roba da ba ta kai kaurin gashin kai ba. Wannan 'yar robar ce kaɗai za ta cike duk wani aibi da ke fuskar. Littafin gyaran Toyota na injin Corolla ya ce idan kan injin ya banƙare fiye da milimita 0.05, ya wuce iyaka. Takardar rubutu ta yau da kullum kaurinta kusan milimita 0.1 ne, wato rabinta ake nufi. Kowa ya auna da kansa abin da bakin sukundireba zai yi wa irin wannan fuska idan hannu ya zame sau ɗaya.

Saboda haka tambayar farko ita ce: wane ƙarfe ne a gabanka? Idan ana shakka, a ɗora maganaɗisu a kan fuskar. Ya kama, baƙin ƙarfe ne. Bai kama ba, alminiyom ne. Daga nan ƙa'idar ɗaya ce, kuma ita ce gaba da komai a wannan aiki: abin da za a kankare alminiyom da shi ya fi fuskar laushi, ta yadda idan za a yi asara, makankarin ne zai cinye, fuskar ta tsira.

A kan alminiyom, makankarin roba mai tauri shi ne na farko. Akwai kuma reza ta roba da ake sayarwa da yawa a ƙunshi, ana sa ta a mariƙi kamar ta ƙarfe. Masu ƙorafi za su ce tana saurin dakushewa, kuma gaskiya suka faɗa. Dakushewar nan ita ce amfaninta. A sauya wata, ko a gyara bakinta da zarto. Wanda bai samu na kanti ba, ba shi da uzurin komawa ga sukundireba. Guntun bututun roba mai kauri da aka tsaga aka fere bakinsa yana aiki, haka guntun katako mai tauri irin maɗaci. Wasu kan buge guntun bututun jan ƙarfe ya baje su wasa bakinsa, kuma kowane maƙeri a kasuwar Panteka ko ta Ƙofar Ruwa zai iya yin wannan cikin ɗan lokaci. Makankarin tagulla ma ana sayarwa, sai dai a yi hattara da shi, domin taurin tagulla bai yi nisa da na alminiyom ɗin injin ba, kuma idan aka danna kusurwarsa yana barin zane.

A kan baƙin ƙarfe an fi samun sarari. Makankarin ƙarfe mai faɗin baki ya dace, muddin bakin a miƙe yake, ba shi da gibi, kuma an ɗan dakushe kusurwoyinsa biyu a dutsen wasa, tunda kusurwa ce ke haƙa rami. Faɗin bakin yana da dalili: yana raba nauyin hannu a wuri mai yawa, ya hau kan fuskar ba tare da ya nutse ba. Sukundireba kuwa duk ƙarfin hannu a ɗan ƙaramin baki yake tarawa, bakin kuma galibi ya riga ya karkace saboda ɓanɓare-ɓanɓaren da aka yi da shi. Akwai wani makankari mai bakin kabayid da aka wasa shi daidai a masana'anta, yana daɗewa bai dakushe ba, kuma a kan gangar baƙin ƙarfe babu kamarsa. Ƙwararru kan yi amfani da shi, ko rezar ƙarfe, har a kan alminiyom, suna kwantar da bakin sosai suna turawa a hankali. Na yarda hannun da ya shekara ashirin a aikin zai iya. Amma a gareji ba wannan hannun ake ba aikin kankara ba, yaron da ya zo bara ake ba, don haka a ganina kada ƙarfe ya kusanci alminiyom sai a hannun oga.

Rabin wahalar ma tana gushewa idan aka jiƙa. Matar da ke son tukunyarta ba ta auka wa ƙanzo da wuƙa. Ruwa take zubawa ta bar shi ya kwana, da safe mara kaɗai ta ishe ta. Haka tsohon gasket ɗin takarda da ya manne a murfin babur ko a famfon ruwa. Akwai maganin fesawa da aka yi musamman don narkar da shi, ana barinsa minti goma ko sha biyar, sai robar ta ɗauke shi salin-alin. Inda babu, kananzir ko man dizal yana tausasa shi, illa dai ya fi cin lokaci. Abu biyu ne za a kiyaye. Da yawa daga magungunan nan, musamman na da, suna ɗauke da sinadarin metilin kulorayid, wanda a 2019 hukumar kare muhalli ta Amurka ta hana sayar wa jama'a maganin cire fenti mai ɗauke da shi saboda rayukan da ya ci, don haka a fesa a fili inda iska ke kaɗawa, a sa safar hannu. Na biyu, kada a kuskura a jiƙa alminiyom da sodar yin sabulu, cinye shi take yi.

Abin da ya fi damuna ya wuce sukundireba. Tun da injin huda da na gurza suka yi araha, an samu masu ɗaura buroshin waya ko faifan gurza a baki su bi fuskar injin da shi. Cikin minti biyu fuska ta yi ƙyalli, mai mota ya gani ya ji daɗi. Ƙyallin nan yaudara ne. Faifan ba ya cin fuskar bai ɗaya, ya fi ci a bakin ramuka da gefuna, inda ya kamata gasket ya fi matsuwa, kuma ido ba zai ga kwarin da ya bari ba. Ɓarna ta biyu ta fi wannan muni. Tsakuwar da ke jikin faifan da yawancin samfefa alminiyom oksayid ce, wadda a ma'aunin tauri na Mohs take da 9, lu'ulu'u yana da 10, alminiyom kuwa bai kai 3 ba. Tana zubewa ta faɗa ramukan mai. Ratar da mai ke bi tsakanin karanshaf da metal ɗinsa ba ta wuce milimita 0.02 zuwa 0.05 ba, kuma tsakuwar da ta faɗa hanyar man da ya riga ya wuce filta babu abin da zai tare ta. Kamfanin General Motors ya daɗe da rubuta wa wakilansa takardar gargaɗi cewa kada a share fuskar injin da irin waɗannan faifai, bayan ya gano tsakuwarsu a cikin metal ɗin injunan da suka lalace jim kaɗan da gyara. Mutum ya kawo mota don gasket, bayan wata biyu injin ya buga, kuma ba wanda zai tuna da faifan.

Akwai kuma lafiyar yaron da ke tsugune a kan aikin. Tsofaffin gasket da yawa da asbestos aka yi su, kuma har yau akwai ƙasashen da ke ƙera kaya da shi, duk da Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2005. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowane irinsa yana jawo ciwon daji, ciwon da ba ya bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Gurza busasshen gasket da buroshin waya yana tada ƙurarsa kai tsaye zuwa hanci. Kankara da hannu a kan jiƙaƙƙen gasket ba ta tada ƙura, wannan kaɗai ya isa dalili.

Ɓarna kan fara tun kafin kankara, wajen raba ƙarafan biyu. A bar injin ya huce, a sassauta kusoshin kai kaɗan-kaɗan daga gefe zuwa tsakiya. Idan ya ƙi tashi, a fara duba ko an manta kusa ɗaya, sannan a bubbuga da gudumar roba. Masu ƙera injin sukan bar 'yan kunnuwa a gefe don a sa ƙarfe a ɗaga, nan ne wurin dannawa, ba a tsakanin fuskoki ba. Kaskon baƙin mai da aka manne da gam yana da nasa abin yanka, siririn baki da ake cusawa a bi gefe da shi ana bubbugawa. Masu aiki a kan 504 kuma sun san silindarta zarewa take yi, idan aka juya injin bayan an sauke kai ba a danne ta ba sai ta ɗaga, ruwa ya samu hanyar gangarawa cikin mai.

Kafin makankari ya taɓa fuska, a toshe silinda da ramukan mai da na ruwa da tsumma mai tsabta, a ƙirga tsumman don kada a manta ɗaya a ciki. A riƙa turawa daga rami zuwa waje. In an gama, a tsane ramukan kusoshi sarai, domin mai ko ruwan da ya kwanta a ƙasan rami ba ya matsuwa, idan aka ɗaure kusa a kansa yana iya tsaga gangar injin.

Sanin lokacin tsayawa ma ilimi ne. Tsohon gasket yakan bar baƙin tabo a jikin ƙarfe, mutane su yi ta gurza don ya fita. Tabo ba kauri ba ne. A bi fuskar da farce, idan farce bai maƙale ba, an gama. Sai a goge da tsumma da maganin wanke birki, a ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da kwance da kusurwa zuwa kusurwa, ana gwada cusa fila geji a ƙarƙashinsa. Idan ratar ta wuce abin da littafin injin ya yarda, ko tsatsar ruwan rijiya da aka daɗe ana zubawa a lagireto ta ci bakin ramuka, sai a kai wa masu injin gyaran fuska. Shafa gam a kan gasket ɗin ƙarfe ba ya gyara wannan.

Duk kayan da na ambata, makankarin roba da na ƙarfe mai faɗi da gudumar roba da ƙarfen awo da fila geji, kuɗinsu bai kama ƙafar kuɗin sauke injin sau biyu ba. Kirana ga shugabannin gareji shi ne su ware waɗannan kaya a akwati na daban, su tsaya a kan yaro ranar da zai fara kankara kamar yadda suke tsayawa ranar da zai fara ɗaure kan injin. Kai kuma mai mota, idan an sauke maka injin, ka tambayi da me za a share fuskar, ka nemi a auna ta a gabanka, kuma ka ba bakanike awa ɗaya ko biyu da aikin ke bukata ba tare da ka tsaya a kansa kana cewa ya yi sauri ba.