Yaron da ke faɗuwa ƙasa yana kururuwa: me uwaye za su yi?

Yau za mu yi magana a kan wasu yara waɗanda kowa ya sani, amma ba a cika zancensu a fili ba. Akwai su a Maradi, a Zariya da Bagalam da Ali Ɗan Sofo. Akwai su a Tibiri da Jiratawa. Yaro ne da ya kai shekara 3 ko 4 bai fara magana ba, ko yana ta maimaita kalma guda. Ana kiran sunansa ba ya waiwayowa, alhali kunnensa lafiya lau. Ba ya son haɗa ido da mutane. Yana jera duwatsu ko marufan kwalba, in an taɓa guda sai rigima ta tashi. Wata rana kuma, ba a san hawa ba, ba a san sauka ba, sai ya zube ƙasa yana kururuwa. Ya toshe kunnuwansa, ya ciji hannunsa, ko ya riƙa buga kai a bango.

Maƙwabta su ce sangarta ce. Kaka ta ce iskoki ne. Dangin miji su ce uwar ce ba ta iya horo ba.

Masana kiwon lafiya suna kiran wannan hali otizim. Yanayin ƙwaƙwalwa ne da ake haihuwar yaro da shi, kuma gado yana da babban hannu a ciki. Ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko ta wasa. Wani lokotoro mai suna Leo Kanner ya bayyana shi a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce kimanin yaro 1 cikin 100 yana da shi. Ke nan garin da ke da yara 500 zai iya samun kamar 5. An fi ganinsa ga maza. Wasu suna cewa allurar rigakafi ce ke kawo shi. Wannan ba gaskiya ba ne. A ƙasar Danmak an bi lafiyar yara fiye da 650,000, sakamakon ya fito a 2019, ba a ga wata alaƙa ba. Saboda haka a ci gaba da kai yara rigakafin ƙyanda.

Tukunyar da ta tafasa

Yawancin waɗannan yara suna jin duniya da ƙarfi fiye da mu. Ƙarar da ba ta dame mu ba, su tana sukar kunnensu. Mu ɗauki misalin babbar kasuwar Maradi ranar Juma'a, cikin zafin watan Afrilu. Ga ƙarar kabu-kabu, ga lasifikar mai tallar magani, ga injin niƙa. Ga turereniya, ga warin kifi, ga ƙishirwa. An kuma sa wa yaron sabuwar riga mai sitati tana cizon wuyansa. Babba zai ce: "Na gaji, mu koma gida." Shi ba ya da bakin faɗa. Abin yana ta taruwa har ya fi ƙarfinsa.

Wannan ya bambanta da kukan rigima. Yaron da ke kukan alawa yana satar kallon uwarsa, ya ga ko ta kula. In an ba shi alawar, sai ya yi shiru nan take. Wancan kuwa ko an ba shi abin da yake so ba ya tsayawa, domin linzamin kansa ya kuɓuce masa.

Kowace mace ta san abin da ake yi in tukunya ta tafasa tana zuba. Ana janye icce daga murhu. A nan duka icce ne, tsawa icce ce, taron ƴan kallo ma icce ne. Mun san karin maganar da ake kawowa, cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna girmama ta. Amma horo yana shiga yaron da ke cikin hankalinsa ne. A wannan lokaci bulala ba ta koya masa kome sai tsoron uwayensa, kuma gobe abin zai fi na yau tsanani.

To, me za a yi? Da farko a kawar da haɗari: wuta, ruwan zafi, wuƙa, turmi. A ja yaron zuwa inuwa ko ɗaki mai shiru. A kashe radiyo. A sallami yaran da suka taru, da manyan ma, cikin ladabi. Mutum guda ya zauna kusa da shi, wanda ya fi sabawa da shi. A rage magana. "Ina nan" ta isa. Kada a tambaye shi me ya faru, ba ya iya amsawa. In yana buga kai, a sa matashi ko zane a ninke tsakaninsa da bango. Wani yaron yana son a rungume shi da ƙarfi, wani kuwa taɓawa tana ƙara masa wuta. Uwa ce za ta gane wane iri ne nata. In yana kaɗa jiki ko yana karkaɗa hannuwa, a ƙyale shi, da haka yake kwantar da kansa.

Sai a jira. Idan ya lafa zai gaji ƙwarai. A ba shi ruwa, a bar shi ya kwanta. Nasiha sai daga baya.

Abin da ba a jira a kansa

Nan sai a kula sosai. In yaro ya sandare, idonsa ya juye, jikinsa yana fizga, bai san inda yake ba, wannan wani abu ne dabam. Yana iya zama farfaɗiya, wadda ta fi yawa ga masu otizim, kuma tana da magani a gidan likita. A kwantar da shi a gefensa. Kada a sa masa cokali ko ruwa a baki. In fizgar ta wuce minti 5, ko akwai zazzaɓi tare da ita, musamman da damina lokacin sauro, a garzaya da shi gidan likita mafi kusa. Haka kuma yaron da ba ya magana yana iya yin kururuwa saboda ciwon haƙori, ciwon kunne ko taurin ciki. In abin ya ƙaru farat ɗaya, a kai shi majo ya duba.

Kaye da bik

Ga inda karatunmu zai yi rana. A samu kaye guda. Duk ranar da abin ya faru, a rubuta rana, da lokaci, da wuri, da abin da ya gabata. Misali: "Litinin, da azahar, bai ci ba, an kunna injin niƙa." Bayan wata guda a karanta. Sau da yawa za a ga abu guda yana dawowa: yunwa, rashin barci, baƙi, ko canjin hanya. Za a kuma gane alamun farko, kamar toshe kunne ko kai da kawowa. Wanda ya ga alama yana iya janye yaron tun abin bai kai ba.

Waɗannan yara suna son yau ta zama kamar jiya. In za a tafi suna ko biki a Tibiri, a gaya masa tun da wuri, da gajerun kalmomi: "Mota, gidan kaka, sannan gida." A tafi da abincin da ya saba da shi. A nemi ɗakin da zai huta in kiɗa ya tashi. In ba ya magana, a koya masa nuna moɗa in yana jin ƙishirwa, ko kwano in yana jin yunwa.

Mutanen Jiratawa da na bakin Gulbi su ƙara lura. Da yawa daga cikin yaran nan suna sulalewa daga gida, kuma ruwa yana jan hankalinsu. A rufe rijiya, a sa ido a kan hanyoyin ruwan noman rani. A sanar da maƙwabta, domin in sun gan shi shi kaɗai su riƙe shi. Amma kada a ɗaure shi da igiya ko mari.

Har yanzu babu ƙwaya ko sassaƙe da ke raba yaro da otizim. Addu'a tana da kyau, ba mu hana kowa ba. Sai dai kada a sayar da akuya ko hatsin gida a ba mai alkawarin warkarwa, kuma kada a turara wa yaro hayaƙin da zai shaƙe shi. Abin da ke taimako shi ne koyarwa a hankali, kullum. Da yawa suna koyon magana, wanka, kiwo da sana'a, wasu har su yi nisa a lakkol.

Maza, wannan kaya ya fi ƙarfin mace guda. Uwar da ta kwana ba barci, ga daka, ga ɗiban ruwa, dole haƙurinta ya ƙare. Maigida ya karɓi yaron ko na awa guda da maraice. Ya hana gori a cikin gidansa. Ranar zuwa gidan likita kuma ya raka ta, su tafi da kayen, su nuna wa lokotoro abin da suka rubuta.