Biyetnam da Afganistan: Yadda ake kwatanta yaƙe-yaƙe biyu a muƙala

A ranar 15 ga Agustan 2021, da mayaƙan Taliban suka shiga Kabul, hotuna biyu ne suka mamaye jaridu da shafukan sada zumunta. Ɗaya na jirgi mai saukar ungulu ne yana shawagi a kan ofishin jakadancin Amurka da ke birnin. Ɗayan kuma tsohon hoto ne na Saigon, babban birnin Kudancin Biyetnam, a 1975, inda mutane suka jeru a kan tsani suna neman shiga jirgi a saman bene. Ɗalibin tarihi ko na kimiyyar siyasa, ko ma'aikacin da ya koma ƙaro ilimi, idan aka ce ya rubuta muƙala ya kwatanta waɗannan yaƙe-yaƙe, yawanci hotunan nan ne za su fara faɗo masa a rai, ya yanke hukuncin cewa tarihi ne ya maimaita kansa. Sai dai Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. Shi kansa hoton Saigon ɗin, wanda aka ɗauka ranar 29 ga Afrilu, ba a ofishin jakadanci aka ɗauke shi ba, a saman wani gidan kwana ne da jami'an Amurka ke amfani da shi.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a raba muƙalar gida biyu, a ba da labarin yaƙi na farko tun daga tushe, a ba da na biyu, sannan a rufe da cewa akwai kamanni akwai kuma bambanci. Wannan tarihi biyu ne aka ɗora a takarda ɗaya. Kwatanci yana farawa ne da tambaya guda wadda za a yi wa yaƙe-yaƙen biyu, kamar yadda ɗan kasuwa ke auna hatsin masu kaya biyu da mudu ɗaya. Misali, a tambaya: me ya sa gwamnatin da Amurka ta tallafa a Saigon ta ƙara shekara biyu bayan tafiyar sojojinta, alhali ta Kabul ta rushe tun ba su gama haɗa kaya ba?

Da zarar an tsayar da tambaya irin wannan, sai kwanan wata da alƙaluma su fara aiki. An sa hannu a yarjejeniyar Paris ranar 27 ga Janairun 1973, sojojin yaƙin Amurka na ƙarshe suka bar Biyetnam a watan Maris, Saigon kuma ba ta faɗi ba sai ranar 30 ga Afrilun 1975. A Afganistan, an ƙulla yarjejeniyar Doha ranar 29 ga Fabrairun 2020. Zaranj, babban birnin lardi na farko da ya faɗa hannun Taliban, ya tafi ne ranar 6 ga Agustan 2021, bayan kwana tara Shugaba Ashraf Ghani ya bar ƙasar, sojan Amurka na ƙarshe kuwa bai tashi ba sai ranar 30 ga watan.

A kan yarjejeniyoyin biyu ne ya kamata mai rubutu ya daɗe, domin a nan kamannin ya fi zurfi, kuma a nan bambancin ya fi ma'ana. A duka biyun, Amurka ta tattauna da abokan gabarta a bayan idon gwamnatin da take karewa. Henry Kissinger ya shafe shekaru yana ganawar sirri da Le Duc Tho na Arewacin Biyetnam, kuma sai da aka matsa wa Shugaba Nguyen Van Thieu lamba kafin gwamnatinsa ta amince. Duk da haka ta sa hannu, sunanta yana cikin takardar. A Doha kuwa, Zalmay Khalilzad ne ya sa hannu a madadin Amurka, Mullah Abdul Ghani Baradar a madadin Taliban, gwamnatin Kabul ba ta cikin masu sa hannun, amma aka yi alƙawarin sakin fursunonin Taliban har 5,000 da ke gidajen yarinta. Kwamandan da ke gadin wani lardi mai nisa, wanda ya ga an yanke makomar ƙasarsa ba da shugabansa ba, ba sai an gaya masa inda iska ke kaɗawa ba. Hakan yana taimakawa wajen fahimtar abin da ya sa garuruwa da dama suka miƙa wuya ta hanyar sulhun dattawa, ba tare da wani gumurzu ba.

Abokan gabar ma ba iri ɗaya ba ne. Arewacin Biyetnam ƙasa ce mai gwamnati da rundunar soja, Tarayyar Sobiyet da Sin na ba ta makamai, kuma da tankokin yaƙi ta fasa ƙofar fadar shugaban ƙasa a Saigon. Taliban kuwa da babura da motocin a-kori-kura ta shiga Kabul. Inda suka yi tarayya shi ne mafaka a tsallaken iyaka: 'yan Arewa suna da hanyar kai makamai da ta ratsa Laos da Kambodiya, shugabannin Taliban kuma suna da wurin fakewa a Pakistan.

Batun alƙaluma yana buƙatar taka-tsantsan. Sojojin Amurka a Biyetnam sun haura 540,000 a 1969, fiye da 58,000 suka mutu. A Afganistan ba su wuce kimanin 100,000 ba ko a lokacin da suka fi yawa, wato 2010 zuwa 2011, waɗanda suka mutu kuma sun ɗan haura 2,400 a cikin shekara 20. Jera waɗannan lambobi kawai bai isa ba, sai an faɗi abin da suka haifar. A zamanin Biyetnam ana ɗiban matasa aikin soja ne dole, shi ya sa zanga-zanga ta cika jami'o'i, har Shugaba Lyndon Johnson ya fasa neman tazarce a 1968. An daina ɗiban dolen a 1973, don haka yaƙin Afganistan ya zama na waɗanda suka shiga soja da ƙafarsu, ya yi ta tafiya a hannun shugabanni huɗu ba tare da ya tayar da titunan Amurka ba. Abin takaici shi ne yadda muƙaloli da yawa ke tsayawa a gawarwakin Amurkawa, kamar su kaɗai aka kashe. A 1995 gwamnatin Biyetnam ta ƙiyasta cewa mayaƙan ɓangarenta kimanin miliyan 1.1 ne suka mutu, da fararen hula kusan miliyan 2. A Afganistan ma, sojoji da 'yan sandan ƙasar da suka mutu sun ninka na Amurka sau da yawa.

Mai rubutun da ya kai nan zai iya jarraba amsarsa da misali na uku, a taƙaice, ba tare da ya saki batunsa ba. Sojojin Sobiyet sun fice daga Afganistan a Fabrairun 1989, amma gwamnatin Najibullah da suka bari ta tsaya har zuwa Afrilun 1992, ta faɗi ne 'yan watanni bayan Tarayyar Sobiyet ta wargaje, kuɗi da man fetur suka daina zuwa. Saigon ma ta raunana ne bayan majalisar dokokin Amurka ta zaftare tallafin soja a 1974. Idan hujjar ɗalibi ita ce gwamnatocin nan suna rushewa ne idan aka yanke musu tallafi, to dole ya bayyana yadda aka yi ta Ashraf Ghani ta faɗi alhali Amurka ba ta daina biyan albashin sojojinta ba.