Bishiya a Idon Mai Zane da Fentin Mai

A shekarar 1891 aka sa wasu dogayen bishiyoyin fofla da ke jere a bakin kogin Epte a Faransa a gwanjo, za a sare su a yi katako. Mai zane Claude Monet kuwa yana tsakiyar zana su. Sai ya haɗa kai da wani mai sayar da katako, ya sa nasa kuɗin, da sharaɗin a bar su tsaye har ya gama. Zane sama da 20 ya fitar daga bishiyoyin nan, yana aiki a cikin kwale-kwale.

Me ya sa sai ya yi ta maimaita abu ɗaya? Domin launin bishiya na safe daban, na la'asar daban. Yakan tafi da yadukan zane da yawa, da haske ya juya sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Abin da ya sauƙaƙa irin wannan aiki a waje shi ne bututun fenti mai matsewa, kamar na man goge baki, wanda wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro a 1841. Kafin nan a mafitsarar alade ake ɗura fenti, kuma da an huda ta sai ya fara lalacewa.

Shi fentin mai, garin launi ne aka kwaɓa da mai, yawanci man linsid. Ba ya bushewa da wuri. Iska ce ke daskarar da shi a hankali, kwanaki ko makonni. Saboda haka ake farawa da fenti tsararo, mai ƙarancin mai, a shimfiɗa duhun bishiyar da siffarta gaba ɗaya. Kowane shafi da ya biyo baya sai ya fi na ƙasa mai. In aka juya tsarin, na sama zai bushe kafin na ƙasa, zanen ya tsattsage.

Inda ɗan koyo ke faɗuwa shi ne ganye. Sai ya duƙufa yana zana su ɗaya bayan ɗaya, bishiyar ta fito a sandare. Gwanaye dunƙule-dunƙule suke kallo: nan inuwa, nan inda rana ta buga. Sannan su ɗiga shuɗin sama a ƴan kafofin da ke tsakanin rassa, su ɗan duhunta shi kaɗan fiye da na sararin, don kada ya yi ƙyalli fiye da kima. Koren ma ba a shafa shi yadda ya fito daga bututu, ya cika tsanani. Ana karya shi da ɗan ja ko ruwan ƙasa. Bishiyar nesa kuma takan koma shuɗi-shuɗi, ta dushe, saboda iskar da ke tsakani.

Fenti mafi haske da kauri shi ke zuwa ƙarshe, a kan ganyen da rana ta taɓa. Man ƙyalli na kariya kuwa sai an jira kamar wata 6 kafin a shafa.