Mi ke sa madara ta kama, ko ta ƙi kamawa?

Ƴan'uwa makiyaya na Dakoro, Bermo, Gadabeji da Kornaka, sau da yawa mace na zuba ruwan tumbin ɗan akuya cikin madara don ta yi cuku, amma madara ta ƙi kamawa, ko cukun ya fito ruɓus yana farfashewa. Ba maita ba ce. Ga dalili.

Cikin madara akwai abinci mai gina jiki da ake kira kazeyin, wanda ke yawo dunƙule-dunƙule, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganin su. Akwai kuma kalsiyom, dangin ƙarfe ne, shi ne ke gina ƙashi. Lita guda ta madarar saniya na ɗauke da kamar garam 1,2 nasa, kashi biyu bisa uku kuwa liƙe yake da kazeyin. A jikin kazeyin akwai wasu gurabe masu fosfat da ke jan kalsiyom kamar maganaɗisu. Kowane ƙwayar kalsiyom hannu biyu gare ta, tana riƙe nan ta riƙe can, kamar igiyar da ke ɗaure karan dangi.

Kowane dunƙule na da gashi-gashi a bayansa da ke hana shi manne wa ɗan'uwansa. Ruwan tumbi ne ke aske wannan gashi, sannan kalsiyom ya ɗaure dunƙulen, madara ta kama.

To, ina ɓarnar take?

1. In madara ta kwana ta yi tsami, tsamin na kwance kalsiyom ya bi ruwa. Ta yi nonon fura, ba ta cuku ba.
2. In an tafasa ta da yawa, ruwan tumbi ba ya cin ta sosai.
3. In an ƙara ruwa, ɗaurin ya yi sako-sako.

A kula: ba kalsiyom kaɗai ke kama waɗannan gurabe ba. Tsatsa da jan ƙarfe na shiga, su sa madara da man shanu wari. Dalma ta fi muni. Saniyar da ta lashi tsohon batirin mota na iya mutuwa, in ta rayu kuma dalmar na bin madararta zuwa cikin yara, ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Tafasawa ba ta fidda ita.

Saboda haka a yi cuku da madarar da aka tatsa yanzu, cikin ƙwarya wankakka. A raba madara da gwangwani mai tsatsa, a nisanta batir da garke. Wanda bisarsa ta lashi batir, ya daina shan madararta, ya nemi likitan bisashe maza.

Allah shi ƙara albarka ga garke.