Haddin Ƙara a Unguwa da Haƙƙin Maƙwabci

Duk wanda ya zauna a unguwar da gidaje suka haɗa katanga ya san cewa idan aka ɗauke wuta da magariba, kafin a idar da sallar isha'i janaretoci sun tashi a layi, kuma galibi kowanne an ajiye shi ne a gindin tagar maƙwabci, domin mai shi ya nisanta ruri da hayaƙi daga ɗakin barcinsa. Idan aka ƙara da injin markaɗe da ke farawa tun asuba, da lasifikar biki da ba ta yin shiru sai dare ya raba, sai a tarar tsoho da majinyaci da jariri sun kwana ido biyu, alhali mafi yawan jama'a ba su san cewa hukuma ta yi wa wannan al'amari haddi ba.

A shekarar 2009 ne hukumar kula da dokokin muhalli ta Nijeriya, wato NESREA, wadda aka kafa a 2007, ta fitar da ƙa'idojin ƙara, ta raba yini biyu: rana daga ƙarfe 6 na safe zuwa 10 na dare, dare kuwa daga nan zuwa wayewar gari. A unguwar da gidajen zama ne zalla, an yarda da desibel 50 da rana, 35 da dare. Inda gidaje suka cakuɗu da kantuna, 55 da 45. Shi desibel mizani ne mai ban mamaki, domin duk ƙarin 10 a kansa ninki goma ne na ƙarfin sauti, ta yadda janaretan da ya kai 70 a bakin taga ya zarce haddin dare fiye da sau 3,000, ko da yake kunne ba ya jin sa da wannan yawa. Hira tsakanin mutum biyu kusan 60 take. Likitoci kuwa sun tabbatar cewa daɗewa cikin 85 na sa'o'i takwas kullum yana raunana ji, kuma rashin barci yana da hannu a hauhawar jini.

Kada wani ya ɗauka auna cuta baƙon abu ne gare mu, domin fuƙaha'un Malikiyya sun daɗe da tattauna mas'alar. Ibnur Rami, wani gwanin magini na Tunis a ƙarni na 14, wanda alƙalai kan aika ya duba rigingimun maƙwabta, ya bayyana yadda ake hukunci idan mutum ya kai ƙarar mai dutsen niƙa: a rataya takarda da zare huɗu daga rufin da ke kan katangar da suka yi tarayya, a zuba mata busassun ƙwayoyi marasa nauyi, sa'an nan a ce mai niƙa ya juya dutsensa, in ƙwayoyin sun motsa, cuta ta tabbata, in sun tsaya cik, mai ƙara ba shi da hujja. Abin da ya burge ni a nan shi ne alƙali bai dubi wanda ya fi ɗaga murya a gabansa ba.

Wurin da mas'alar ta fi wuya shi ne wuraren ibada. A 2016 gwamnatin Legas ta rufe coci 70 da masallatai 20 saboda ƙara, kuma a 2021 Saudiyya ta taƙaita lasifikar waje ga kiran salla da iƙama, ta ce kada ƙarfinta ya wuce sulusi. A ganina kiran salla, wanda mintoci kaɗan ne kuma shi'ari ne na addini, ba ɗaya yake da karatun da aka juya bututunsa cikin gidajen mutane har tsakar dare ba, tunda masu sauraro suna zaune cikin masallaci, lasifikar ciki ta ishe su.

Zartar da doka dai yana da rauni, ma'aikata da na'urori sun yi kaɗan. Saboda haka wanda aka cuta ya fara da yi wa maƙwabcinsa magana cikin mutunci, in bai ji ba ya kai ga mai unguwa, sa'an nan ofishin muhalli na jiharsa, yana riƙe da ranaku da lokutan da ya rubuta. Wayar hannu ma tana iya auna ƙara bisa ƙiyasi.