Me ya sa ɗaki ke ƙin yin ɗumi a tsananin sanyin Faransa, alhali na'ura na aiki?

Duk shekara, da watan Disamba ya kama, kuka iri ɗaya ake ji daga ɗalibai da 'yan ci-rani na Nijar, Kamaru, Chadi da Benin da ke zaune a Paris, Lille ko Strasbourg. Na'urar ɗumama ɗaki a kunne take dare da rana, kuɗin wuta na ta hauhawa, amma sai an sa rigar sanyi biyu kafin a iya barci. Galibi mai haya kan ɗauka na'urar ce ta lalace. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau: gidan ne ke zubar da zafi fiye da yadda take iya samarwa. Fahimtar wannan na taimaka wa mutum ya tsira da kuɗinsa, wani lokacin ma da ransa.

Randa mai yoyo

Zafi a cikin gida kamar ruwa ne a randar da ta tsage. Na'ura na zubawa ta sama, bango da rufi da tagogi na yoyo ta ƙasa. Yawan yoyon ya dogara ne kan tazarar da ke tsakanin zafin ciki da na waje. Idan ana son digiri 19 a ɗaki, waje kuma na kan digiri 9, tazarar 10 ce. Ranar da waje ya sauka zuwa digiri 11 ƙasa da sifili, tazarar ta zama 30, wato gidan na asarar zafi ninki uku. Ita kuwa na'ura ƙarfinta bai ƙaru ba.

Masu gini suna zaɓar girman na'ura ne bisa wani mizanin sanyi da aka ƙayyade wa kowane yanki. A yankin Paris mizanin na tsakanin digiri 5 da 7 ƙasa da sifili, a Alsace da ke iyaka da Jamus kuwa yana kaiwa wajen 15. Da sanyi ya zarce wannan mizani, na'ura takan yi aiki ba hutawa amma ta kasa kai ɗaki inda ake so. Murɗa maɓallinta zuwa digiri 30 ba ya ƙara komai, domin maɓallin umarni kawai yake bayarwa na inda za ta tsaya. Na'ura mai ƙarfin wat 1,500 iyakar abin da za ta bayar ke nan.

Wanda ya tashi a Agadez ko Damagaram ya san wannan darasi tun daga gida. A daren hunturu, soron laka mai kaurin bango yakan riƙe zafin da ya sha da rana har asuba, ɗakin kwano kuwa yakan huce da rana ta faɗi. Ginin ne ke bambanta su.

Ta ina zafin ke fita?

Faransa ba ta da dokar da ta tilasta sa wa gidaje rigar kariya daga sanyi sai a 1974, bayan tashin farashin man fetur na 1973. Miliyoyin gidajen da aka gina kafin nan suna tsaye har yau, kuma su ne masu rahusar haya da baƙi ke iya biya. Hukumar ADEME, mai kula da harkar makamashi da muhalli, ta ƙiyasta cewa a irin wannan tsohon gida da ba a gyara ba, kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari na zafi ta rufi yake fita, kashi 20 zuwa 25 ta bango, kwatankwacin haka ta kafofin iska, sai kashi 10 zuwa 15 ta tagogi. Shi ya sa ƙananan ɗakunan da ke can ƙarƙashin rufin benayen Paris, waɗanda ɗalibai suka fi kamawa, suke zama firij da hunturu, tanda da bazara.

Bango mai sanyi na da wata illa kuma. Ko da iskar ɗaki ta yi ɗumi, jiki na ci gaba da miƙa zafinsa ga bangon da gilashin taga, sai mutum ya ji ɗari alhali ma'auni na nuna digiri 19. Danshi ma na ƙara tsananta lamarin, musamman inda ake shanya wanki a cikin ɗaki.

Kowace na'ura da rauninta

Kusan gida ɗaya cikin uku a Faransa da lantarki ake ɗumama shi. Tsofaffin na'urorin da ke maƙale a bango, waɗanda Faransawa ke yi wa laƙabi da « grille-pain », wato abin gasa burodi, iska kawai suke ɗumamawa. Iskar ta haye sama, ƙafafu su ci gaba da daskarewa, da an kashe kuma sanyi ya dawo nan take. Yawan dogaro da su ya sa kamfanin RTE mai rarraba wuta ke lissafin cewa duk digiri ɗaya da sanyi ya ƙaru a hunturu, buƙatar ƙasar na ƙaruwa da wajen megawat 2,400. A ranar 8 ga Fabrairun 2012, lokacin wani sanyi mai tsanani, buƙatar ta haura megawat 102,000, adadin da ba a taɓa gani ba kafin nan.

Sabuwar na'urar da gwamnati ke ƙarfafa sayenta, « pompe à chaleur », tana aiki ne kamar firij da aka juya: takan tsotso ɗan zafin da ke cikin iskar waje ta tura shi ɗaki. Idan waje na kan digiri 7, kowane kilowat ɗaya na wuta da ta ci takan mayar da uku zuwa huɗu na zafi. Da sanyi ya sauka sosai ƙasa da sifili, ribar takan ragu zuwa wajen biyu. Ƙanƙara kuma takan taru a jikin sashen da ke waje, dole na'urar ta dakata ta narkar da ita, a wannan ɗan lokaci ba ta ɗumama ɗaki. Ƙarfinta na raguwa daidai lokacin da gida ya fi buƙatarsa. Duk da haka, fiye da rabin gidajen Norway da ita suke amfani, inda sanyi ya fi na Faransa nesa ba kusa ba. Sirrin shi ne gidaje masu kyakkyawar kariya da na'urar da aka auna daidai da su.

Inda ake amfani da tukunyar gas mai tura ruwan zafi cikin bututu, matsalar takan zama mai sauƙi. Idan saman ƙarfen ɗumama ɗaki ya yi sanyi amma ƙasansa da zafi, iska ce ta maƙale a ciki, sai a kwance ɗan ƙaramin dunƙulen da ke gefe ta fita. Ma'aunin matsin ruwa na tukunyar kuma ya kamata ya tsaya tsakanin 1 da 1.5. Doka ta wajabta a kira ƙwararre ya duba tukunyar sau ɗaya a shekara, kuma idan ta gidan mutum ce shi kaɗai, nauyin na kan mai haya.

Inda sanyi ke komawa ajali

Babban haɗarin na zuwa ne lokacin da haƙuri ya ƙare. Wasu kan kunna murhun girki ko tanda su bar shi a buɗe, wasu su shigo da kaskon gawayi kamar yadda aka saba jin ɗumi a tsakar gida, wasu kuma su toshe kafofin iska da tsumma. A rufaffen ɗakin Turai, wuta mai ci ba tare da isasshiyar iska ba tana fitar da gubar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ko wari. Hukumomin lafiya na Faransa na cewa duk shekara takan kama mutum wajen 3,000, ta kashe kusan ɗari. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, musamman idan sun kama mutanen gida lokaci guda. Abin yi shi ne buɗe tagogi, kashe wutar, fita waje, sannan a kira 112, 18 ko 15.

Ƙaramar na'urar lantarki ta tafi-da-gidanka ma tana da nata haɗarin. A ranar 9 ga Janairun 2022, irinta ce ta haddasa gobara a wani bene mai hawa 19 a unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka. Mutum 17 suka rasu, takwas daga ciki yara, akasarinsu 'yan asalin Gambiya. Ba a barin irin wannan na'ura a kunne a yi barci, ba a shanya tufafi a kanta, ba a kuma haɗa ta da wasu kayan wuta a soket ɗaya.

Haƙƙin mai haya

Akwai dabarun da ba su da tsada: liƙa roba a gefen taga da ƙasan ƙofa, rufe labule mai kauri da makarin taga da magariba, buɗe su idan rana ta fito, shimfiɗa darduma, da janye kujera daga gaban na'ura. Buɗe taga na minti goma kullum na fitar da danshi. Amma gyaran gini na mai gida ne.

Dokar 2002 kan gidan da ya dace da zama ta wajabta masa samar da hanyar ɗumama gida yadda ya kamata. Kowane gidan haya kuma yana da takardar DPE da ke ba shi maki daga A zuwa G gwargwadon makamashin da yake ci, kuma dole makin ya fito a tallar gidan. Tun watan Agustan 2022 an hana ƙara kuɗin hayar gidajen F da G. Daga 1 ga Janairun 2025 an hana ƙulla sabuwar yarjejeniyar haya kan gidan G, na F kuma wa'adinsa 2028.

Mai hayar da ke fama da sanyi zai fara da rubuta wa mai gida wasiƙa mai rajista. Idan wata biyu suka wuce ba amsa, yana iya kai ƙara gaban kwamitin sulhu na jiha ko kotu. Bai kamata ya daina biyan haya da kansa ba, don hakan kan juya shari'ar a kansa. Ofisoshin ADIL na ba da shawarar doka kyauta. Daga 1 ga Nuwamba zuwa 31 ga Maris kuma, doka ta hana korar mai haya, ta kuma hana yanke masa wuta ko gas saboda bashi.

Ga iyayen da ke shirin tura ɗa ko 'ya karatu Faransa, tambayar harafin da ke kan takardar DPE na da muhimmanci kamar tambayar kuɗin haya. Ɗakin G mai arha a watan Satumba yakan karɓe rarar da aka samu, har da ƙari, a takardar kuɗin wuta ta Janairu.